Ƙauyen Masu Fuska Ɗaya

Ga wani misali, ki auna shi da aikin da ke gabanki.

An yi wani mutum mai haɗa wasannin waya, irin waɗanda mai bugawa ke shiga rigar jarumi ya yi ta yawo a duniyar almara. Shi kaɗai yake aikinsa, da wata tsohuwar kwamfuta mai ɗaukar zafi kamar kaskon suya. Ba shi da mai zane, ba shi da makaɗi, ba shi da halin ɗaukarsu aiki. A haka ya haɗa wasan wani maharbi da ya fita neman kogin garinsu, wanda dodo ya shanye ya gudu da shi a cikinsa. Aibin wasan ba ya ɓoyuwa. Mutanen ƙauyukan duk fuskarsu ɗaya, hula ko ɗankwali ne kawai ke raba su. Dokin maharbin ba ya ɗaga ƙafa, sulalewa yake yi kamar ana jan tabarma. Kiɗan yaƙi kuwa gindin bokiti ya buga ya naɗa da waya. Wani lokaci ma maharbin kan maƙale a jikin katanga, sai an kashe wasan an sake farawa.

Amma da yake hannunsa bai kai ga zane ba, sai ya zuba ƙarfinsa a kan magana. Kowane mutum a ƙauyukan nan yana da halinsa, kuma ba a samun komai a wurinsa sai an gaishe shi yadda ya kamata. Akwai wata tsohuwa a bakin rijiya. In ka yi sallama, ka tambayi gajiya da iyali, ka karɓi ruwan da ta miƙo, za ta faɗa maka inda dodon ya bi. In ka faɗo mata da tambaya babu gaisuwa, sai ta nuna maka hanyar ƙaya, kuma duk ranar da ka dawo tana riƙe da kai. Aljanun daji ma ba dole sai an yaƙe su ba. Wani in ka zauna ka ji kukansa, shi zai raka ka. Ga shi wasan ba nauyi, kowace tsohuwar waya tana ɗaukarsa. Direbobin wata tasha suka kama shi. Suna jiran layin lodi, suna gardamar wanda tsohuwar ta fi yi wa mutunci, suna yi wa dokin dariya, suna ci gaba da bugawa. Mai wasan yakan tsaya daga gefe yana mamakin abin da ke riƙe su, don shi in ya duba, aibin kaɗai yake gani.

Rannan aka yi taron masu wannan sana'a a birni, aka haska wasansa a babban allo. Da dokin ya sulalo, sai ɗakin ya ɗauki dariya. Dariyar direbobi ba ta taɓa damunsa ba, amma wannan ta bi shi har gida. Ya ƙudura sai ya wanke kansa. Ya shafe damina yana gyara: ya ba kowa fuskarsa, ya yi wa dokin gwiwa da geza, ya sa ganyen itatuwa yana kaɗawa. Sai dai hannu biyu gare shi. Kowace sabuwar fuska tana bukatar leɓen da zai motsa daidai da maganarta, shi kuwa ba zai iya yi wa doguwar gaisuwa wannan aikin ba, don haka ya yi ta datse maganganun. Gaisuwa ta koma danna wuri guda. Neman hanya ya koma bin wata kibiya mai haske. Katangar da ke maƙale maharbi, wadda ita ce ke cutar mai bugawa da gaske, bai ko waiwaye ta ba, tunda ba ita aka yi wa dariya ba.

Da ya saki sabon, sai ya tafi tasha ya ga yadda za a karɓe shi. Yawancin wayoyin suka ƙi buɗe shi, ya yi musu nauyi. Wani dattijon direba mai sabuwar waya ya buɗe, ya zagaya ƙauyen, ya tsaya a bakin rijiya ya daɗe yana dannawa.

"Injiniya, barka, dokinka ya samu lafiya," in ji shi. "To ina tsohuwata mai masifa?"

"Ga ta nan a gabanka, Baba."

"Wannan? Na yi mata sallama, ta zuba mini ido kamar hoton kalanda. Da can fuskarsu ɗaya, amma kowa na san shi. Yanzu kowa da fuskarsa, ban san kowa ba."

Ya mayar da wayar aljihu, ya juya wajen masu dara.

Mai wasan ya aika wa mutanen birni, ko a can za a dace. Suka yaba ƙoƙarinsa, suka jera shi da wasannin manyan kamfanoni masu tarin ma'aikata, suka ce da sauransa. Birni bai karɓe shi ba, tasha kuma ta sake shi. Sai a lokacin ya gane abin da ya daɗe yana mamaki, bayan ya riga ya cire shi da hannunsa.

Kowane aiki da aibinsa. Wani aibin yana cutar mai amfani da aikin, wani kuwa kunya kawai yake ba mai shi. Wanda bai tsaya ya bambance su ba, kuma bai san abin da ake so a aikinsa ba, shi Hausawa ke nufi da suka ce: garin neman gira, a rasa ido.