Hari a Tsakiyar Aski

Wayar mai aski ta sake yin ƙara a gaban madubi. An kawo wa birninsa hari a wasan yaƙin da yake bugawa a intanet. Ga aska a hannunsa, ga kumfa a fuskar tela maƙwabcinsa.

Wata takwas ya yi yana tara sojoji. Ɗazu ya tura su yaƙi gaba ɗaya, bai bar ko mai gadi ba, har da yi wa tela alfahari.

"Yaya, minti ɗaya," in ji shi. "In ban dawo da su yanzu ba, na kaɗe."

"Ka bar ni da rabin gemu? Ƙarasa tukuna," in ji tela.

Ganuwa ta faɗi, rumbuna suka kama da wuta. Mai aski ya danne zuciyarsa, yana gumi, har ya gama. Ya yaye ƙyallen da ya lulluɓe tela.

Waya ce a cinyar tela, tutarsa na kaɗawa a kan birnin mai aski.

Mai aski ya wasa askar a hankali.

"Koma ka jingina, yaya. Saura wuya."