Hansatu 'Yar Liman

Jiniyar tashi daga aiki ta kaɗa a wata masaƙa da ke Bompai. Gali yana tsaye a bakin ƙofa, rungume da faifansa na farko. Shekara da shekaru yana kaɗa jita, yana waƙar rok irin ta Turawa a otal-otal ɗin Sabon Gari ba mai kula shi, yau ga muryarsa a kowace rediyo.

Hansatu ta fito cikin ma'aikata. Tun kafin ta ƙaraso, direbobin manyan motoci suka ɗauki amshin waƙar da ya yi mata: "Hansatu 'yar Liman ta Dakata!"

Ta tsaya nesa da shi, ta gyara gyale.

"Kin ji ko?" in ji shi. "Mun fito, Hansatu. Gobe zan tura magabatana wajen Malam."

"Kada ka wahalar da su."

Ya yi murmushi, yana zaton wasa take.

"Lokacin da kowa ke ce maka ɗan iska, ni na tsaya maka. Amma na ce ka sa Baba a waƙa? Jiya yana fitowa daga masallaci yara suka bi shi da ita. Bai ce mini komai ba, Gali. Kwanon abincinsa kawai ya dawo yadda aka kai shi."

"Wallahi don in girmama ki na yi."

"A gidan giya ake rawa da sunansa."

"Zan cire baitin."

Sai yanzu ta ɗago ido ta dube shi. "Daga bakin wa?"

Ya miƙa mata faifan, ba ta karɓa ba, ta juya ta kama hanya. A teburin mai shayi wani ya ƙara murɗa rediyo. Muryar Gali ta cika titi tana kiran ta, ita kuwa ba ta waiwaya ba.