Gatarin Aradu a Jakata

Ranar Asabar ce bayan la'asar, shekara uku da ba mu jiha. Mu uku ne a zauren gidanmu a Kiyawa: ni, Baba, da Malam Bulus, malaminmu na aji huɗu, Kirista ɗan Maguzawa. Baba ne ya kira shi, domin ya ga baƙin dutse mai kaifi da Malam ya ba ni a jakata, ya ce zai cire ni daga makarantar.

"Malam, gatarin aradu ne wannan. Tsafin kakanninka za ka koya wa 'yata?"

"Alaramma, ubana ya yanka masa kaza, ni kuwa na bar wannan tuni. Ba daga sama ya faɗo ba. Riƙe ka ji."

Baba ya riƙe da hannun dama, dutsen bai zauna masa a hannu ba. Da ya mayar hagu, sai babban yatsansa ya shige wani ɗan gurbi daidai.

"Mutum ne ya wasa shi," in ji Baba. "Kuma bahago ne."

Malam Bulus ya yi shekaru yana tara irin duwatsun, bai taɓa lura da haka ba. Har yau ina jin daɗin yadda ya saki baki. Ranar Litinin Baba da kansa ya kai ni makaranta a keke.