Mangalar Iri a Kan Kadarko

Kai Sallau, zauna mana! Tun ɗazu kake huci wai maƙwabcinka ya ce katangarka ta karkata, kai kuma ka ɗauka filinka yake hari. To bari in ba ka labarin wani manomi, in ka ga dama ka ji.

A wata shekarar yunwa, mutumin nan da iyalinsa suka cinye komai, har irin shukar da ya ɓoye a rumbu bai tsira ba. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi, shi ko ƙwaya babu. Sai ya kora jakinsa ya ƙetare rafi zuwa gidan surukinsa, ya ajiye kunya ya roƙa. Surukin ya ba shi geron iri daidai gonarsa, ya kuma ce masa daga wannan babu wani. Don tsoron idon mutane, manomin ya zuba geron duka a gefe ɗaya na mangala, ɗaya gefen ya cusa busasshiyar ciyawa, wai a ɗauka abincin dabbobi ya ɗauko. Ka ji wauta! Mangala ai sai gefenta biyu sun yi daidai take zama a bayan jaki. Tun ba su bar gari ba kaya suka rinjaya, jaki na tafe yana tangaɗi, shi kuma ya sa kafaɗa ya tokare gefen geron. Haka suka taho, gumi na zuba masa har cikin ido.

A bakin rafi akwai kadarko, itacen giginya uku aka shimfiɗa aka zuba ƙasa a kai. Ruwan jiya ya cinye gindinsa, ko akuya ta taka sai ya yi rawa. Wani masunci na zaune nan yana ɗinkin koma. Ya dubi jakin ya ce, "Bawan Allah, kayan nan sun karkace. Tsaya in kama maka mu daidaita su kafin ka hau." Manomin ya dubi haƙarƙarin masuncin duk a waje. A ransa ya ce da zarar an kwance bakin mangala aka ga gero, shi ke nan, sai roƙo. Ya haɗe rai ya ce, "Na gode, haka suke tafiya."

Abin da bai tuna ba, kadarkon nan ba ya ɗaukar mutum da jaki kafaɗa da kafaɗa. Dole ya janye kafaɗarsa ya koma baya. Jaki ya taka, ruwa na ruri a ƙasa, ja wur. Taku ɗaya, taku biyu, mangala na zamewa kaɗan-kaɗan, mutumin na kallo, hannunsa ba ya kaiwa. Da suka kai tsakiya, itace ɗaya ya lotsa, jaki ya yi tangal-tangal, kaya suka juye suka koma ƙarƙashin cikinsa suna jan sa zuwa ruwa. Manomin ya damƙe wutsiya yana salati. Masuncin ne ya ruga da wuƙarsa ya datse igiya, don in ba haka ba har jakin zai tafi. Mangala ta faɗa, bakinta ya buɗe.

Wallahi ko ni da nake faɗa maka sai na ji tausayinsa. Masuncin ya tsunduma cikin ruwan nan ya bi mangalar, ya fito da ita can ƙasa yana haki. Abin da ya maƙale a lungunta bai cika tafin hannu ba, shi ma ya juye wa mai shi, bai taɓa ƙwaya ɗaya ba. Daminar nan manomin ƙodago ya yi a gonakin mutane, tasa ciyawa ta cinye ta, 'ya'yansa suna wucewa ta gefenta suna kallo.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.