Hoton Tsuntsu a Bayan Iyaka

Lurwanu ya taka birki har sai da jakar kyamara ta zame daga cinyar Abdulwasi'u. Tattabaru ne suka sauka a tsakiyar titi suna tsintar alkama. Ko hon bai danna ba, ya jira har suka ga dama suka tashi.

"Nan cikin Harami ne, ko tsuntsu ba a firgitawa," in ji shi. "In Dalal ta ji na kore su, na shiga uku."

Abdulwasi'u ya yi murmushi, don ya san halin Dalal, ƙanwar Lurwanu. Kullum da safe sai ta watsa wa tattabaru hatsi a ƙofar gidansu da ke unguwar Zahir, duk yaron da ya jefe su kuwa ya sha faɗa. A nan ya fara ganinta ranar da ya zo yi musu fenti, kuma wannan tausayin nata ne ya kama shi.

Shi Basakkwace ne. Igamarsa, wato takardar zama, ta mutu tun da kamfanin da ya kawo shi ya rufe. Tun daga nan bai sake fita daga Makka ba, lungunan unguwar Misfala kawai yake bi, in ya hango motar askarawa ya sha kwana. Su Dalal kuwa 'yan ƙasa ne, jikokin alhazan da suka zauna tun zamanin ayari, kuma ba su ɓoye cewa mai fenti bai kai ba. Kwanan nan ma motar Rakan, ɗan kawunta, ta faye tsayawa a ƙofar gidan. Dalal ta ce masa Hajiyarsu yake zuwa gaisarwa. Abdulwasi'u kuma ya rantse mata ba zai bar ta ba, sai dai in ɗauke shi aka yi daga garin.

Jiya ta aiko masa da saƙon murya: "Yaya ya sauko. Gobe zai je ɗaukar hoton tsuntsaye, ka raka shi ku yi magana irin ta maza. Kar ka ji tsoro, ya san hanyar da ba shingen askarawa." Bawan Allah ya saurari saƙon nan har batirin wayarsa ya kusa ƙarewa.

Suka wuce ginshiƙan da ke nuna iyakar Harami. Lurwanu ya kalle su ta madubi, ya karya kan motar zuwa wata hanya mai tsakuwa. A gindin duwatsun da ke hanyar Ɗa'ifa suka tsaya, cikin wani kwari mai itatuwan ƙaya da suka yi fure.

Lurwanu ya kafa kyamara, ya rataye 'yar ƙaramar lasifika a reshe, ya kunna kukan tsuntsu daga wayarsa. Ba a jima ba sai ga wani ɗan mitsitsi, da kaɗan ya fi babban yatsa, ƙirjinsa kore shar yana ƙyalli, bakinsa dogo a lanƙwashe. Ya tsaya a iska gaban fure, fukafukansa ba sa ganuwa don sauri.

"Sha-kauci muke ce mai can gida," in ji Abdulwasi'u cikin raɗa. "To mi ya kawo shi?"

"Muryar. Ya ɗauka nasa ne ke kira."

Wasu suka biyo baya, masu ruwan ɗorawa da masu dogon bindi. Abdulwasi'u ya ji daɗi har ransa. Rabon da ya zauna a fili bai waiga ba har ya manta. Ya shirya kalaman da zai faɗa a kan Dalal, amma duk sanda ya buɗe baki sai Lurwanu ya ɗora yatsa a leɓe. Mutumin da ake yabon tsabtar hotunansa, yau duk abin da ya ɗauka dishi-dishi yake fitowa. Shayin da suka zo da shi ma bai taɓa ba.

"Zauna kan dutsen nan, kar ka motsa, kar su tashi. Na bar batir a mota."

Ya zauna. Bai motsa ba ko da ɗan koren tsuntsun ya sauka kusa da ƙafarsa. Bai motsa ba ko da ya ji ƙarar injin da ba na motar Lurwanu ba, don ya ɗauka masu yawon buɗe ido ne. Askarawan da suka sauko ba su tambayi sunansa ba, da shi suka kira shi. Igama kawai suka ce ya nuna.

Da za a wuce da shi, ya tsaya gaban Lurwanu, hawaye na bin gemunsa. Ya san daga nan sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora ƙasarsu, sai jirgi.

"Na san kai ne, Yaya, kuma Allah na gani. Abu guda nike roƙo. Kar ka faɗa mata gaba ɗaya. Ka san zuciyarta, ko tattabara ta karye sai ta yini tana kuka."

Lurwanu bai ɗago kai ba. Aka tura Abdulwasi'u cikin mota, ƙura ta tashi, lasifikar nan tana can a reshe tana ta kira.

Lurwanu yana naɗe kaya wayarsa ta yi ƙara.

"Halas? An gama?" in ji Dalal.

"Halas. Ya tafi yana kuka, yana roƙona in lallaɓa ki. Wallahi kin sa ni abin da ba zan sake ba."

"Yaya, ba wannan na tambaye ka ba. Kun dai wuce iyaka ko? Da na kira askarawan sai da na nanata musu a wajen Harami za su kama shi, ni ba na son ɗaukar zunubi."