Jarumin Inna

Labbo ya iso Argungu a gajiye, bayan ya daɗe yana ɗage zuwa daga Birnin Kebbi. Ya tarar da mahaifiyarsa, wadda mantuwar tsufa ta kama, ta ƙura wa waya ido. Wani jarumi ne a fim yake tashi sama yana jifa da motoci.

"Kullum sai shi," in ji ƙanwarsa Ummu Hani. "Na gaji."

Ya durƙusa. "Inna, ni na, Labbo."

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Bawan Allah, yi kurum. Ɗana shina magana."

Sai ya saurara. Fim ɗin da ya taɓa fassarawa da Hausa ne. Muryar Labbo ce a bakin jarumin take cewa, "Kar ki ji tsoro, ga ni nan zuwa."