Hutu a Bakin Dutse Mai Aman Wuta

Marin farko ya fasa wa Badi'a leɓe. Na biyu ya haɗa kanta da bango. Mijinta Alhaji Hamisu, dillalin rake a Makarfi, bai saki wuyanta ba sai da idanunta suka juye.

Washegari ya shigo da fara'a. "Yi haƙuri. Zan kai ki hutu wasu tsibirai can tsakiyar teku, mu hau dutse mai aman wuta."

Ta ce to. Da ya fita ta hau mashin zuwa Ikara, ofishin Shamsuddeen mai shirya wa Alhaji tafiye-tafiye.

"Bakin ramin dutsen nan, akwai shinge?"

"Babu, Hajiya. Wanda ya zame, ko ƙashinsa ba a gani."

Ta yi murmushi, leɓen ya sake tsagewa. "To tikitin dawowa ɗaya za ka yanka."

Shamsuddeen ya kalli shatin yatsun da ke wuyanta, ya rage murya.

"Hajiya, ai ɗaya Alhaji ya sa na yanka tun makon jiya. Shi ma shingen ya fara tambaya."